Kwalejin Gwamnati ta Bida: Tambayoyi da Amsoshi kan Tarihinta, Karatunta da Fitattun Ɗalibanta

Duk wanda ya bibiyi tarihin manyan mutanen Jihar Neja da kudancin Jihar Kebbi zai riƙa cin karo da sunan makaranta guda, wani lokaci a kira ta Midil ta Bida, wani lokaci Sakandaren Lardi, wani lokaci kuma Kwalejin Gwamnati. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da ita.

Wace makaranta ce wannan, kuma a ina take?

Makarantar sakandare ce ta gwamnati da ke garin Bida, hedikwatar masarautar Nupe, a kudu maso yammacin Minna cikin Jihar Neja. Bida gari ne na sarauta da sana'a, wanda aka sani da maƙeran tagulla da masu narka gilashi na unguwar Masaga, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin biranen fasahar hannu a shekarar 2021. Gidajen sarauta uku ne ke karɓa-karɓar kujerar Etsu Nupe, wato gidan Usman Zaki da na Masaba da na Umaru Majigi, kuma dukkansu tsatson Malam Dendo ne. Bida ba ta taɓa zama babban birnin jiha ba, ba ta kuma kai Kano ko Zariya ko Sakkwato yawan jama'a ba, amma makarantarta ta yaye mutum biyu da suka shugabanci Nijeriya, abin da makarantun manyan birane da dama ba za su iya faɗa ba.

Ya kamata a bambanta ta da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wato foliteknik, waɗanda su ma suna Bida amma na gwamnatin tarayya ne, kuma sun zo ne daga baya. Wadda ake magana a kanta a nan tana ƙarƙashin gwamnatin jiha.

Ta yaya ta faro?

Asalinta yana komawa ga shekarun farko na mulkin Turawa a Arewa. Sojojin Kamfanin Neja sun ci Bida da yaƙi a 1897, tun kafin a ci Kano da Sakkwato a 1903, saboda haka ƙasar Nupe na cikin wuraren da tsarin Turawa ya fara kafuwa. Bayan Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, sai gwamnati ta shiga kafa makarantun lardi a manyan masarautu, ta riƙa tura musu malaman da aka horar a Kano. Makarantar Lardi ta Bida na cikin waɗannan na farko-farko, domin lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, Bida ta riga ta sami ɗaliban da za ta aika can.

Manufar Turawa a lokacin ba ta da faɗi. Suna neman 'ya'yan sarakuna da na masu riƙe da sarauta waɗanda za su iya karatu da rubutu da lissafi, don su riƙe littattafan haraji da baitulmali da kotuna na hukumar En'e. Ba su yi tanadin yaye likitoci ko injiniyoyi ba. Wajen shekarar 1930, bayan gyaran tsarin ilimi da aka yi a zamanin daraktan ilimi E. R. J. Hussey, makarantun lardi suka koma makarantun Midil, wato matakin da ke tsakanin Elementare da kwaleji. Daga Midil, 'yan ƙalilan masu ƙoƙari ne ke wucewa Katsina, ko Kaduna da Zariya bayan kwalejin ta yi ƙaura, sauran kuma su kama aikin malanta ko akawu.

Me ya sa sunanta yake bambanta daga tarihin wannan mutum zuwa na wancan?

Saboda matsayinta ya yi ta canjawa tare da tsarin mulki. Wanda ya yi karatu kafin 1930 za a ce ya yi Makarantar Lardi ta Bida. Wanda ya yi a shekarun 1930 da 1940 za a ce ya yi Midil. A shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaga makarantun Midil zuwa cikakkun sakandare, ta zama Sakandaren Lardi, kuma da wannan suna ne ajin Janar Ibrahim Babangida suka san ta. Bayan an raba Jihar Arewa aka kafa sababbin jihohi a 1967, ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, sannan ta koma hannun Jihar Neja da aka ƙirƙira a watan Fabrairun 1976. Sunan Kwalejin Gwamnati shi ne ya zauna daga bisani, har ake kiran zamanin baya ma da shi.

Me ya sa aka kafa ta a Bida, alhali Minna ce ta zama hedikwatar lardi?

A farkon ƙarni na 20 Minna ƙaramin mazaunin Gwarawa ne, kuma layin dogo da aka shimfiɗa daga Baro zuwa Kano ne ya raya ta. Bida kuwa ta daɗe da zama birni mai ganuwa da fada da kasuwanni da malamai. Tun da yake hukumomin En'e ne ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyin makarantu, wajibi ne a ajiye babbar makarantar lardi inda baitulmali yake da ƙarfi kuma sarki yake da ikon tara yara. Wannan ne ya sa ɗan Minna kamar Ibrahim Babangida ko Abdulsalami Abubakar, bayan ya gama firamare a garinsu, sai ya ɗauki akwatinsa ya nufi Bida.

Su wane ne ake ɗauka, kuma ta wace hanya?

Wannan tambaya ce ke buɗe sirrin makarantar. Lardin Neja na wancan zamani ya haɗa ƙasashe masu nisa da juna: Bida da Agaie da Lapai na Nufawa, Kontagora, tsohuwar Abuja wadda yanzu ake kira Suleja, ƙasar Gwari, ƙasar Kamuku, da Zuru wadda a yau take cikin Jihar Kebbi. Sakandaren lardi guda ce ke karɓar zakarun yaran waɗannan wurare duka, ta hanyar jarrabawar shiga. Aji guda ba ya ɗaukar yara masu yawa, don haka samun gurbi kansa babban abu ne, kuma ƙauye guda zai iya yin shekaru bai tura ko yaro ɗaya ba.

A farkon zamani ma ba gasa ake yi ba, tilas ake yi. Hakimi kan umarci dagaci ya kawo yara, iyaye kuma su ɓoye nasu saboda tsoron kada karatun Nasara ya raba yaro da addininsa, har wasu masu faɗa-a-ji su miƙa 'ya'yan barorinsu a maimakon nasu. Zuwa shekarun 1950 al'amarin ya juya, domin mutane sun ga waɗanda suka yi Midil sun zama ministoci da 'yan majalisa a Kaduna da Ikko. Hukumar En'e da gwamnatin Arewa ne ke ɗaukar yawancin ɗawainiyar ɗalibi, kuma hakan ne ya ba ɗan talaka da maraya damar zama kan benci guda da ɗan sarki. Babangida kansa ya rasa iyayensa tun yana yaro, kafin ya shiga makarantar.

Me ake koyarwa a wancan zamani?

A matakin Midil ana koyar da Turanci da lissafi da labarin ƙasa da tarihi da kiwon lafiya, tare da Larabci da ilimin addinin Musulunci, ga kuma aikin hannu kamar kafinta da noma. Da ta zama sakandare sai aka ƙarfafa darussan kimiyya da adabin Turanci, domin yanzu maƙasudin shi ne takardar shaidar kammala sakandare ta Afirka ta Yamma, wadda hukumar WAEC da aka kafa a 1952 take shiryawa. Ajin da ya shiga a 1957 ya fita ne a 1962, wato shekara shida. Mai son shiga jami'a sai ya ƙara shekara biyu na karatun share fage da ake kira HSC a wata makarantar, kamar yadda Farfesa Jerry Gana, tsohon ministan yaɗa labarai, ya wuce Okene bayan ya gama Bida.

Malaman gauraye ne: Turawan Ingila, da 'yan Arewa da suka fito daga Katsina da Zariya, da malaman Larabci da aka horar a Kano. Abin lura shi ne ba a raba ilimin addini da na zamani gida biyu ba. Malam Ahmad Lemu, wanda ya koyar a makarantar a shekarun 1950, ya riƙa koyar da Larabci da addinin Musulunci da kuma Turanci, shi kaɗai. Yaron da ya ga malaminsa na fiƙihu ya juya yana gyara masa nahawun Turanci ba zai tashi da tunanin cewa ilimin biyu abokan gaba ne ba, kuma a ganina wannan darasi ya fi abubuwa da yawa da ke cikin manhaja tasiri.

Yaya rayuwar makarantar kwana take?

Tsarinta irin na sauran makarantun kwana na gwamnatin Arewa ne, wanda aka kwaikwayo daga Ingila aka ɗora kan al'adar gida. Ana raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da malamin da ke kula da shi da manyan ɗalibai masu tsawatarwa. Ƙararrawa ce ke tafiyar da yini: sallar Asuba, shara da ɗiban ruwa, taron safe, aji, abinci, wasanni da la'asar, sannan karatun dare. Sabon yaro kan iso da akwatin ƙarfe mai ɗauke da sunansa da fenti, bayan doguwar tafiya a bayan babbar mota daga Zuru ko Kontagora, ya tarar da wanda aka ba gadon kusa da nasa ba ya jin harshensu ko kaɗan. Banufe ne, shi kuma Badakkare, na gaba Bagwari, na can ƙarshe Bakambare. A aji Turanci ne doka, amma a ɗakin kwana da filin ƙwallo Hausa ce ta fi saurin haɗa su, kuma cikin zango ɗaya ko biyu sai ka ji yaro ya fara tsintar gaisuwar Nupanci ta zuwa kasuwa.

Musulmi da Kirista na cin abinci a kwano guda, ana yi musu horo iri ɗaya idan sun yi laifi, kuma ba sa ganin gida sai hutu. Shekara shida a haka ta isa ta ƙulla zumuncin da ya fi na unguwa ƙarfi. Wanda bai fahimci wannan ba zai sha mamakin yadda 'yan aji guda suka riƙe juna har tsufa.

Su wa ke cikin ajin 1957 zuwa 1962 da ake yawan ambato?

Mutum takwas ne sunayensu suka fi fitowa, kuma duk sun zama manyan hafsoshin soja.

Janar Ibrahim Badamasi Babangida, wanda aka haifa a Minna a 1941, ya mulki Nijeriya daga 27 ga Agustan 1985 zuwa Agustan 1993. Janar Abdulsalami Abubakar, shi ma haifaffen Minna a 1942, bai bi sahun abokansa kai tsaye ba, domin ya fara zuwa makarantar koyon fasaha a Kaduna, ya shiga sojan sama a 1963, ya yi horo a Jamus ta Yamma, sannan ya koma sojan ƙasa a 1966. Ya karɓi mulki a watan Yunin 1998 bayan rasuwar Janar Sani Abacha, ya miƙa shi ga zaɓaɓɓiyar gwamnati ranar 29 ga Mayun 1999, bai cika shekara guda ba.

Kanar Sani Bello shi ne dogarin Janar Aguiyi-Ironsi, kuma yana tare da shi a Ibadan lokacin juyin mulkin Yulin 1966, ya tsira da ransa. Ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1975 zuwa 1978, daga baya ya shiga harkar kasuwanci, ɗansa Abubakar Sani Bello kuma ya yi gwamnan Neja daga 2015 zuwa 2023. Laftanar Janar Garba Duba ya yi gwamnan Bauchi a 1978 da na Sakkwato a 1984. Laftanar Janar Gado Nasko ya yi gwamnan Sakkwato daga 1978 zuwa 1979, sannan ministan Babban Birnin Tarayya. Manjo Janar Muhammadu Magoro ya riƙe ma'aikatar sufuri a zamanin Obasanjo da ta harkokin cikin gida a zamanin Buhari, ya kuma wakilci Kebbi ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2015. Manjo Janar Muhammadu Sani Sami ya yi gwamnan Bauchi daga 1984 zuwa 1985, daga baya ya hau gadon sarautar Zuru. Na takwas shi ne Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa, wanda labarinsa ke buƙatar amsa ta daban.

Me ya ja 'yan aji guda da yawa haka zuwa aikin soja?

Ba haɗuwar sa'a ba ce kawai. Lokacin da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, yawancin ƙananan sojoji 'yan Arewa ne, amma cikin hafsoshi 'yan ƙasa, 'yan Arewa kaɗan ne ƙwarai. Shugabannin Arewa sun ga hatsarin hakan, kuma ma'aikatar tsaro tana hannun Alhaji Muhammadu Ribaɗu. A 1961 aka kafa ƙa'idar raba guraben horon hafsoshi bisa yanki, aka ba Arewa kashi 50 cikin 100, Gabas da Yamma kuma kashi 25 kowanne. Gurabe sun samu, sai neman waɗanda za su cike su, alhali sakandaren Arewa ba su da yawa. Sai manyan 'yan siyasa da matasan hafsoshi suka riƙa zagaya makarantu suna kwaɗaita wa ɗalibai aikin.

Bida ta sami kaso na musamman a wannan yunƙuri, domin ƙaramin ministan da ke kula da rundunar sojan ƙasa, Alhaji Ibrahim Tako Galadima, mutumin Bida ne. Babangida ya sha ba da labarin yadda wani matashin hafsa mai suna Yakubu Gowon ya ziyarci makarantarsu ya yi musu jawabi, kuma tsaftar kakinsa da natsuwarsa suka shiga ransu. A watan Disambar 1962 Babangida da wasu abokansa suka shiga Kwalejin Horon Soja ta Kaduna, daga nan aka rarraba su ƙasashen waje, shi aka tura shi Indiya.

Sauran kuma tarihi ne ya yi musu hanya, ta hanya mai ɗaci. Juyin mulki biyu na 1966 sun hallaka manyan hafsoshi da dama, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya faɗaɗa rundunar ninki-ba-ninki, sai waɗanda suka shiga a 1962 suka tsinci kansu suna jagorancin bataliyoyi tun ba su kai shekara talatin ba. Da sun fita makaranta shekara goma kafin haka ko bayan haka, da wuya a ce aji guda ya tara janar-janar masu yawa haka. Faɗin wannan ba rage musu ƙoƙari ba ne, domin sun sa rayukansu a fagen fama, Babangida ma an harbe shi a yankin Uzuakoli a 1969. Amma bai dace a ɗauka cewa wani siddabaru ne ke cikin ginin makarantar ba.

Mene ne ya faru tsakanin Babangida da Mamman Vatsa?

Wannan shi ne babi mafi nauyi a tarihin ɗaliban makarantar. An haifi Vatsa a 1940, kuma abotarsa da Babangida ta faro tun suna yara, suka yi aji guda a Bida, suka shiga soja tare. Baya ga aikin soja, Vatsa marubucin waƙoƙi ne da littattafan yara, cikin Turanci da Turancin buroka, kuma ya tsaya wa marubuta tsayin daka. Lokacin da yake ministan Babban Birnin Tarayya ya ba Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya fili a Abuja, inda a yau aka gina unguwar marubuta mai ɗauke da sunansa a Mpape.

A watan Disambar 1985, 'yan watanni bayan Babangida ya hau mulki, aka kama Vatsa da wasu hafsoshi bisa zargin shirya juyin mulki. Kotun soja ta yanke musu hukuncin kisa. Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark suka tafi Barikin Dodan da kansu suna roƙon a yi sassauci, amma ranar 5 ga Maris 1986 aka harbe Vatsa tare da wasu. Iyalansa sun ci gaba da cewa bai aikata laifin ba, Babangida kuma ya tsaya kan cewa dokar soja ce ta yi aikinta kuma ba shi da zaɓi. Har yau ana muhawara kan lamarin. Duk mai ba da tarihin wannan makaranta da gaskiya ba zai jero janar-janar ɗinta yana alfahari sannan ya tsallake wannan ba, domin zumuncin ɗakin kwana da ya ɗaga su tare bai iya ceton ɗayansu ba a ranar da mulki ya shiga tsakani.

Sojoji kaɗai ta yaye?

Ko kusa. Hasken kaki ne ya rufe sauran, alhali wasunsu sun fi taɓa rayuwar talaka kai tsaye.

Alhaji Aliyu Makaman Bida ya yi Makarantar Lardi ta Bida, ya wuce Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil har ya zama hedimasta. A 1952 ya zama ministan ilimi na farko ɗan ƙasa a Jihar Arewa, daga baya ya daɗe yana riƙe da ma'aikatar kuɗi, kuma shi ne yakan riƙe kujerar Firimiya idan Sardauna ya yi tafiya. Wato mutumin da ya taɓa tsayawa gaban allo a Bida yana cikin waɗanda suka tsara faɗaɗa ilimin da ajin 1957 suka ci moriyarsa.

Sheikh Ahmad Lemu, wanda aka haifa a 1929, ɗalibin Midil ta Bida ne kafin ya zama malaminta. Ya yi karatun shari'a a Kano, ya ƙaro ilimi a Landan, ya zama Babban Alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Jihar Neja, kuma tare da mai ɗakinsa Hajiya Aisha Lemu suka kafa cibiyar ilimin Musulunci da ke Minna. Shi ya shugabanci kwamitin binciken rikicin bayan zaɓen 2011, ya sami lambar yabo ta Sarki Faisal a 2014, ya rasu a watan Disambar 2020. Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi ya yi karatu a Bida kafin ya wuce Zariya, ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 2007 zuwa 2009, ya kuma shugabanci Taron Ƙasa na 2014. Farfesa Jerry Gana, masanin labarin ƙasa, ya shugabanci hukumar wayar da kan jama'a ta MAMSER, ya kuma yi ministan yaɗa labarai.

Bayan waɗannan akwai ɗimbin malaman firamare da ma'aikatan gona da na asibiti da akawuna da suka riƙe ofisoshin lardi da na jiha, waɗanda sunayensu ba su shiga jarida ba. Don su aka kafa makarantar tun farko, kuma su ne mafi yawan amfanin da ta yi.

Wace alaƙa ce tsakanin makarantar da birnin Abuja?

Alaƙa ce mai ban sha'awa. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya hau gado a 1944, ya yi makarantar Bida kafin Kwalejin Katsina. A zamaninsa ne gwamnatin Murtala ta yanke shawarar kafa sabon babban birni a 1976, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan sarkin. Vatsa ya riƙe ma'aikatar birnin daga 1984 zuwa 1985. Ranar 12 ga Disambar 1991 kuwa, lokacin da fadar gwamnati ta tashi daga Legas zuwa Abuja, shugaban ƙasa Babangida ne, ministan birnin kuma Gado Nasko, 'yan aji guda daga Bida.

Yaya tsarin karatu yake a yau?

Ya bi tsarin ƙasa baki ɗaya. Tun shekarun 1980 aka raba sakandare biyu, ƙarama shekara uku da babba shekara uku. A ƙarshen ƙaramar sakandare ana rubuta jarrabawar kammala ilimin tushe, daga nan ɗalibi ya karkata zuwa kimiyya ko fannin adabi da zamantakewa ko kasuwanci. A ƙarshen babbar sakandare akwai jarrabawar WAEC da ta NECO, kuma mai neman jami'a yana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci, sannan ya rubuta jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Ita NECO an kafa ta ne a 1999 a zamanin mulkin Abdulsalami, hedikwatarta kuma tana Minna, saboda haka ɗalibin Bida na yau yana rubuta jarrabawar hukumar da tsohon ɗalibin makarantarsa ya rattaba wa hannu.

Ana ɗaukar 'yan mata?

A zamanin da ake magana a kansa makarantar ta samari ce zalla, kamar sauran sakandaren lardi. Ilimin 'ya'ya mata ya biyo baya ne da tazara mai yawa, ta makarantunsu na daban, kuma wannan ne dalilin da ya sa babu mace a jerin sunayen da suka gabata.

Za ta iya sake yaye irin waɗancan mutane?

Yanayin da ya samar da su ya wuce. A 1957 ita kaɗai ce ke tsince zakarun yaran lardi guda. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ninka yawan yaran da ke neman sakandare, aka buɗe makarantu a kusan kowace ƙaramar hukuma, ga na tarayya, ga na kuɗi da masu hali ke kai 'ya'yansu. Wannan alheri ne, domin ilimi ya isa ga waɗanda a da ba sa ko mafarkinsa, amma ya raba hankalin gwamnati da kuɗinta wuri-wuri. Tsofaffin makarantun gwamnati a duk faɗin Arewa sun sha fama da cunkoson aji da ƙarancin ƙwararrun malaman kimiyya da lalacewar gine-gine, har ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suka zama su ne masu gyaran rufi da tona rijiyar burtsatse da sayen littattafai. Taimakonsu abin godiya ne, sai dai gini ake iya gyarawa da gudummawa, albashin malami da horonsa kuwa aikin gwamnati ne na kowane wata.

Sannan ga matsalar tsaro, wadda ta taɓa ginshiƙin makarantar kwana kanta. Ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, cikin Jihar Neja, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai 27 tare da malamai da iyalansu, gwamnati kuma ta rufe makarantun kwana a yankunan da ke cikin hatsari. Uban da ke Kontagora ko Mariga a yau sai ya yi dogon tunani kafin ya ɗora ɗansa a mota zuwa makarantar kwana mai nisa. Idan iyaye suka daina tura 'ya'yansu nesa, kowane yaro zai gama sakandare tare da 'yan unguwarsu da masu harshensu kawai, kuma Banufe da Badakkare da Bagwari ba za su haɗu ba sai a jami'a, ga waɗanda suka sami isa can.